Hayar mota a filin jirgin Tamale: Na biya kuɗi tun daga Akra, na sauka ban tarar da mota ba

Azahar ta gota lokacin da jirginmu ya taɓa ƙasa a Tamale. Tun da sassafe ya kamata mu tashi daga filin jirgin Kotoka, amma hazon hunturu ya rufe arewa, aka ce mu zauna sai gari ya washe. Awa huɗu muka yi a kan kujera, ni da mahaifiyata, wadda duk gidanmu a Nima muke kira Mma. Tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya da 'yan mintoci a sama ba, sai ga shi ta cinye mana rabin yini.

Duk da haka hankalina a kwance yake, domin na san akwai mota tana jiranmu. Mako biyu kafin tafiyar na shirya komai ta waya, na tura rabin kuɗi ta MoMo, an ma turo mini hoton motar, fara tas, mai na'urar sanyi. Muna fitowa da kayanmu na shiga duba fuskokin masu tarbar baƙi, ko zan ga mai riƙe da takarda da sunana. Babu. Na kira lambar, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake kira. A karo na huɗu aka ce mini wayar a kashe take.

Fasinjoji suka watse ɗaya bayan ɗaya. Motocin otal suka kwashe nasu, manyan jif-jif na ƙungiyoyin agaji suka kwashe nasu, 'yan tasi ƙalilan da ke wurin su ma suka samu ciniki suka tafi. Cikin rabin awa wurin ya yi tsit, sai iska mai ƙura da ke kaɗa mayafin Mma. Ta zauna a kan akwatinta, ta dube ni ta ce, "To ɗan boko, ina motar taka ta cikin waya?"

Dalilin da ya sa mota ta zama dole

Mai karatu zai iya cewa, ai Tamale garin babur ne da keke mai ƙafa uku, me ya kai ka hayar mota? Gaskiya ne. Da ni kaɗai ne, da na rataya jakata na nemi ko mene ne na hau. Amma abubuwa biyu ne suka kawo mu, kuma kwana uku kacal muke da su.

Na farko, ƙanwata, autar gidanmu, ta gama karatun aikin jinya a Jami'ar Nazarin Ci Gaba, wato UDS, kuma washegari da safe za a yi bikin yaye su a harabar jami'ar da ke Dungu. Ita ce mace ta farko a zuriyarmu da ta kai wannan matsayi. Na biyu, yayan Mma, wanda shi kaɗai ya rage mata a cikin 'yan ɗakinsu, yana kwance ba lafiya a Salaga, kuma ta fi shekara goma ba ta sa shi a ido ba. Ita kanta Mma gwiwoyinta sun daina ɗaukar wahala. Hawa matakala uku aiki ne a wurinta, balle hawa babur.

Sannan duk wanda bai san Tamale ba yana bukatar ya fahimci yadda garin yake a shimfiɗe. Filin jirgin yana arewa da gari, kimanin kilomita 20 daga tsakiya, a gefen hanyar da ta nufi Savelugu da Bolgatanga. Dungu kuwa tana kudu, a kan hanyar Kumasi. Ke nan wanda ya sauka daga jirgi yana son zuwa Dungu sai ya keta Tamale gaba ɗayanta, daga wannan baki zuwa wancan. Salaga kuma tana can kudu maso gabas, tafiyar kusan kilomita 120, yanzu ma ba a Yankin Arewa take ba, tana cikin Yankin Savannah da aka ƙirƙiro a 2019.

Filin jirgin kansa ya canja ƙwarai a 'yan shekarun nan. An tsawaita titin saukar jirage, har a watan Agustan 2016 maniyyata suka fara tashi daga Tamale kai tsaye zuwa Madina, maimakon doguwar tafiyar mota ta fiye da kilomita 600 zuwa Akra da tsofaffinmu suka sha fama da ita. A watan Agustan 2023 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Dakta Mahamudu Bawumia, ya buɗe sabon ginin fasinjoji tare da wani ɓangare da alhazai ke amfani da shi, aikin da aka ce ya ci dala miliyan 70. A 2024 kuma Shugaba Akufo-Addo ya sanar da sa wa filin sunan marigayi Tolon Naa Alhaji Yakubu Tali. Gini ne mai kyau, wallahi. Sai dai filin jirgi irin wannan numfashinsa na bin saukar jirage ne. Jirgi ya sauka, wuri ya cika. Bayan ɗan lokaci kowa ya kama gabansa. Wanda ya rasa mota a wannan ɗan tsakanin, sai ya jira jirgi na gaba ya jawo masu motoci, ko ya nemo ta waya daga cikin gari.

Kuskuren da na yi

Sai daga baya na gane abin da ya faru. Mutumin da na yi ciniki da shi ba shi da mota ko ɗaya. Dillali ne mai shafi a intanet, yana ɗora hotunan motocin mutane, idan ya samu mai bukata sai ya nemo mai mota ya ci la'adarsa. Dillanci sana'a ce, ba a ƙi ta ba. Matsalar ita ce ban san da dillali nake magana ba, kuma babu wanda ya haɗa ni da shi. A waya na gan shi, hotunan suka burge ni, farashin ya yi mini daɗi, na tura kuɗi.

Da jirginmu ya makara, mai motar ya samu wasu ma'aikatan wata ƙungiya da ke son mota ta mako guda. Tamale cike take da ofisoshin ƙungiyoyin agaji da na raya karkara, kuma su ne manyan masu hayar motoci masu ƙarfi a garin. Suna ɗauka na kwanaki da yawa, suna biya ba ja-in-ja. Idan aka ɗora cinikina na kwana uku a sikeli da nasu na mako, kowa ya san wanda zai rinjaya. Ga shi kuma makon yaye ɗalibai ne, iyaye sun cika gari daga ko'ina. Dillalin ya rasa yadda zai yi da ni, sai ya kashe waya. Bayan makonni ina bi, da sa bakin mutane, ya dawo mini da wani abu daga cikin kuɗin. Sauran har yau ina jin "gobe in sha Allah".

Babu takarda tsakaninmu, babu lambar mota, babu sunan direba. Hoto kawai nake riƙe da shi, shi ma an rufe lambar motar a jikinsa. Da na tambayi lambar tun farko, da na gane inda aka dosa.

Wayar Mma ta fi tawa aiki

Ina ta safa da marwa ina latsa waya, sai Mma ta ciro 'yar ƙaramar wayarta mai madannai daga cikin jaka ta ce in nemo mata lambar wata ƙawarta da suka yi aikin Hajji tare, wadda ke zaune a Zangon Hausawa na Tamale. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta tambayi yara da jikoki da ciwon ƙafa, ni kuwa ina tsaye kamar in fashe. Sai can a ƙarshe ta ce, "Hajiya, ga mu a filin jirgi an bar mu a rana."

Ba a yi minti goma ba wani dattijo ya kira ni. Ƙanin mijin Hajiyar ne, yana da motoci uku da yake bayarwa haya, kuma kowa Alhaji yake ce masa. Bai tambaye ni katin banki ba. Tambayarsa ta farko ita ce, "Kai ɗan wane gida ne a Nima?" Na faɗa masa. Ya ce ya san wani kawuna da ke sayar da kayan gyaran mota a Kumasi. Sai ya ce, "To shi ke nan. Ka ba Hajiya ruwa ta sha, yaro na nan tafe."

Kafin awa ɗaya ta cika mota ta iso. Ba fara ba ce, ba kuma sabuwa ba, amma tana da tsayi daga ƙasa, tayoyinta da sauran ƙarfi, sanyinta na aiki. Direban, wani matashi Badagombe mai jin Hausa kamar a Zango aka haife shi, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe da Mma, ya ce "Amaraba", wato marabar nan tamu da ta shiga bakin Dagombawa. Ya ɗauko wani ɗan akwatin katako daga bayan mota ya ajiye mata ta taka ta shiga. Tun daga nan Mma ta sa masa suna "ɗana".

Ciniki a ƙofar gidan Alhaji

Kafin mu wuce masauki muka biya ta gidan Alhaji. A kan benci a ƙofar gida muka yi cinikin, kuma a nan na koyi yadda harkar take tafiya.

Hayar mota a Tamale iri biyu ce. Akwai wadda za a ba ka mota da direba, ita ce aka fi yi. Akwai kuma wadda za a miƙa maka makulli ka tuƙa da kanka, wadda masu motoci ba su cika so ba, musamman ga baƙon da ba su sani ba. Na ce wa Alhaji ina da lasisi, na fi shekara goma sha biyar ina tuƙi a Akra, in ya ba ni makulli zan rage kuɗin direba. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wanda ya iya tuƙi a Akra motoci ya iya kauce wa. Nan babura ne da tumaki. Kuma in ka shiga daji ta lalace, wa ka sani?"

Wanda ya dage sai ya tuƙa da kansa, za a nemi lasisinsa na DVLA da katin shaidar ɗan ƙasa, a karɓi kuɗin ajiya mai kauri saboda ɓarna, wani lokaci har a ce ya kawo wanda zai tsaya masa. 'Yan uwanmu da ke dawowa hutu daga Turai da Amurka, waɗanda muke kira boga, su riƙa tahowa da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa. Na Ingila kuma su tuna cewa tun 1974 Gana ta koma tuƙi a hannun dama.

Da yake maciji ya riga ya sare ni da safe, sai na ciro biro da takarda na ce, "Baba, don Allah kada ka ji haushi, ina so mu rubuta." Na zaci zai ɓata rai. Sai ya ce, "Rubuta mana. Ai wanda ya rubuta bai zargi kowa ba, mantuwa ya zarga."

Ga abin da muka rubuta. Kuɗin yini, da ma'anar yini ɗin, wato daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa, da abin da zan ƙara idan dare ya yi mana. Farashin cikin gari daban, na fita wajen gari daban, saboda haka muka ambaci Dungu da Salaga da sunansu. Mai a kaina yake: na karɓi mota da tanki a wani matsayi, in dawo da ita a haka, kuma na ɗauki hoton allurar mai a gabansa. Abincin direba da wurin kwanansa idan mun kwana a waje, a kaina. Faci da ƙananan abubuwa na hanya, a kaina. Lalacewar inji, a kan mai mota, kuma idan ta mutu a hanya zai turo wata ko ya cire kuɗin wannan yini. Na biya kuɗin yini ɗaya, sauran sai mun dawo. Muka sa hannu, direban ya zama shaida.

Sannan na zagaya motar da waya ina ɗaukar bidiyon duk wani ƙarce da lotsewa da ke jikinta. Na duba takardar lafiyar mota da ke manne a gilashi. Na danna *920*57# na sa lambar motar, saƙo ya nuna inshorarta na aiki. Wannan tsari ne da Hukumar Inshora ta Ƙasa ta kawo, kuma ko da ƙaramar waya ana iya dubawa. Na sa aka buɗe but na ga tayar safiya da jak da sifana. Alhaji na zaune yana kallona yana murmushi. Ya ce wa Mma, "Hajiya, yau ɗanki ya yi karatu mai tsada."

Ga wanda tafiyarsa za ta kai shi Paga har ya tsallaka Burkina Faso, wannan magana ce ta daban da ya kamata a yi tun a kan benci, domin sai da yardar mai mota a rubuce da kuma katin inshorar ECOWAS.

Keta Tamale da yamma

Ba mu yi nisa ba na gode wa Allah da Alhaji ya hana ni makulli. Tamale da la'asar wani kogi ne na babura. Mata da goyo a baya da kaya a gaba suna tuƙa babur cikin natsuwa, 'yan makaranta a kan kekuna, masu keke mai ƙafa uku da ake kira yalo-yalo suna tsayawa duk inda fasinja ya ɗaga hannu, motokin ɗauke da buhunan masara da doya, tumaki kuma suna tsallaka titi kamar su suka biya kuɗin kwalta. Gadar sama da aka buɗe a tsakiyar gari a 2022 ta rage cunkoso, amma a ƙasanta, wajen babbar kasuwa da hanyar Aboabo, sai mai haƙuri.

Direbanmu bai cika danna ham ba. Yana tafiya a hankali, yana barin babura su wuce ta dama da hagu, yana ɗaga hannu yana gaisawa da mutane. Ya ce mini a nan idan mota ta taɓa mai babur, kafin a tambayi wa ke da gaskiya jama'a sun taru, kuma baƙon da ba ya jin Dagbanci zai sha wuya kafin ya yi bayani. Doka ta ce kada a wuce kilomita 50 a awa a cikin gari, 90 a babbar hanya. Shi ko 40 bai cika kaiwa ba har muka wuce Lamashegu muka miƙe hanyar Kumasi.

Washegari ya zo tun kafin ƙarfe bakwai. Na ce masa "Dasiba", ya amsa "Naa" yana dariyar yadda na faɗa. Ya ce mu fita da wuri, domin ranar yaye ɗalibai hanyar shiga jami'a takan toshe. Haka kuwa aka yi. UDS, wadda aka kafa a 1992 don arewacin Gana, ta yaye 'ya'yan talakawa masu yawa, kuma ranar biki dangi kan zo da motocin haya cike, har da makaɗa. Direban ya san wani wuri kusa da inda za a zauna, ya roƙi masu tsaro da harshensu cewa yana ɗauke da tsohuwa mai ciwon ƙafa, aka bar shi ya sauke ta ya fita. Da ni ke tuƙi, da can nesa zan ajiye mota, Mma ta yi tafiyar da ba za ta iya ba. Lokacin da aka kira ajin su ƙanwata suka miƙe, Mma ta yi guɗa irin wadda ban taɓa jin ta yi ba tun ina yaro.

Hanyar Salaga

Rana ta uku muka kama hanyar Salaga bayan sallar asuba. Direban ya dage sai mun cika tanki a Tamale, ya kuma ce in riƙe tsabar sidi a aljihu, domin idan aka yi nisa da gari gidajen mai sukan yi wuya, sabis ɗin waya ma yakan ɗauke, MoMo ba ta da amfani a inda babu sabis. Ya sayi ruwa katan guda ya sa a baya.

Hanyar, a lokacin da muka bi ta, wani wuri kwalta ce mai kyau, wani wuri gargada da jar ƙura. A shingen 'yan sanda ya rage gudu, ya sauke gilashi, ya gaisa, ya nuna takardu, muka wuce. A ƙauyuka akwai tudun rage gudu da mutanen gari suka yi da kansu, wasu ba alama, shi kuwa ya san inda kowanne yake. Ya ce da damina ce, wajen Agusta da Satumba, da ba zai yarda ya ɗauko mu a ƙaramar mota zuwa wasu ƙauyukan ba, domin ruwa kan cinye hanya, musamman a yankunan da ke bakin kogin Volta idan aka saki ruwan madatsar Bagre daga Burkina Faso.

Mun wuce rabin hanya sai tayar baya ta yi faci. Babu gida kusa, babu sabis. Cikin minti ashirin ya canja ta, Mma na zaune a inuwar kaɗanya tana jan carbi. A ƙauye na gaba ya tsaya wurin wani mai faci da ya sani, ya ce ba zai ci gaba da tafiya ba tare da tayar safiya mai iska ba. A raina na ce, da motar cikin waya ce ta zo, aka ba ni makulli ban duba but ba, da yanzu labari ya sha bamban.

A hanya Mma ta shiga ba mu labarin kakanta, wanda ya zo Salaga daga ƙasar Hausa fataucin goro. Kafin yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa garin, Salaga ce babbar kasuwar Gwanja, inda ayarin fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato ke sauke kaya su ɗauki goron Asante. Bayan yaƙin ne 'yan kasuwa da malamai suka bazu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kumasi, cikinsu har da shahararren malamin nan Alhaji Umaru na Kete-Krachi. Ta ce a wancan zamani ba wanda ke shiga gari haka kawai. Kowane ayari na da madugu da jagaba wanda ya san hanya da rijiyoyi, kowane baƙo kuma na da maigidan da zai sauke shi, ya tsaya masa a ciniki, ya ɗauki nauyinsa idan rigima ta taso.

Na dubi direban, na tuna Alhaji a kan bencinsa yana tambayata ɗan wane gida ne ni. Ashe tsarin bai mutu ba. Jaki ne ya koma mota. Alhaji shi ne maigida, wannan yaro shi ne jagaba, kuma abin da na biya kuɗi a kansa ya haɗa da sunan Alhaji da sanin hanyar yaron.

Mun isa Salaga da hantsi. Kawu na kwance a kan tabarma a zaure, ya rame ƙwarai. Da ya ji muryar Mma sai ya kira ta da sunan da ake kiranta tana yarinya, sunan da ni ban taɓa ji ba. Muka fita muka ba su wuri. Bayan wata biyu aka kira mu aka ce Allah Ya yi masa rasuwa. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Ranar da takarda ta yi amfani

Mun dawo Tamale bayan isha'i, mun wuce lokacin da muka rubuta da awa biyu. Da safe, kafin a kai mu filin jirgi, ɗan Alhaji ne ya zo karɓar sauran kuɗi, domin shi Alhajin ya tafi jana'iza Yendi. Saurayin ya zagaya mota ya nuna wata lotsewa a ƙofar baya ya ce mu muka yi. Ya kuma ce tunda mun kai dare, kuɗin yini guda zan ƙara.

Ban ɗaga murya ba. Na buɗe bidiyon da na ɗauka a ƙofar gidansu, ga lotsewar nan tun ranar farko. Na ciro takarda, ga abin da muka amince a kan kowace awa ta ƙari, da sa hannun mahaifinsa. Ya karanta, ya sosa ƙeya ya ce, "Yaya, yi haƙuri, ban san kun rubuta ba." Na biya awa biyun, na cika mai zuwa inda na same shi, muka rabu lafiya. Yaron ba macuci ba ne. Bai halarci cinikin ba, yana ƙoƙarin kare dukiyar ubansa ne. Da babu takarda, da zumuncin Mma da ƙawarta na shekaru ne zai yi rauni a kan ƙofar mota.

Wannan shi ne abin da nake so 'yan uwa su ɗauka daga labarina. Da farko na dogara da waya kaɗai, ba mutum a bayanta, na yi asara. Da kuma na dogara da sanayya kaɗai ba rubutu, da na tashi da rigima da mutanen da suka taimake ni. Wanda zai sauka Tamale ya nemi mota tun kafin ya hau jirgi, ta hannun wanda ya san mai motar ido da ido, ko kamfanin da ke da ofishin da za a iya zuwa a ƙwanƙwasa. Ya karɓi lambar mota da lambar direba, ya yi magana da direban da kansa. Ya tambaya ƙarara, "Idan jirgi ya makara, za a jira ni?", musamman daga Disamba zuwa Fabrairu da hazo ke yawan riƙe jirage. Kada ya tura kuɗi mai yawa kafin ya ga mota. Idan tafiyar ta faɗo lokacin tashin alhazai ko dawowarsu, ko bikin Damba, ko makon yaye ɗalibai, ko kakar zaɓe, ya fara nema da wuri, domin motoci kan yi wuya, farashi ya hau.

Akwai kuma magana ga matasanmu na zango. A Tamale akwai motoci, akwai direbobi masu amana da suka san kowane lungu daga Yendi zuwa Damongo da Larabanga. Abin da baƙo ke rasawa shi ne ƙofar da zai bi ya same su idan ba shi da uwa mai ƙawa a Zango. Da masu motocin nan za su haɗa kai, su yi rajista, su samu lamba ɗaya da ake ɗauka dare da rana, da farashi a rubuce, da rasit, da mutum ɗaya da ke tsaye duk lokacin da jirgi ya sauka, da sun ci kasuwar da dillalan intanet ke ɓata wa suna.

A filin jirgi direban ya sake ajiye wa Mma ɗan akwatin katakon ta taka ta sauko. Ta kwance bakin zaninta ta ba shi abin da ta ba shi, ta sa masa albarka. Da muka zauna jiran jirgi ta miƙo mini ƙaramar wayarta ta ce, "Sa mini lambar ɗana a ciki. Kai ma ka sa a taka mai hoto."